Ta'aziyyar Halbiri

A shekarar da ayarinmu ya watse a hamadar Tagur, kwana takwas bayan rijiyar ƙarshe, da hantsi, ni da yayana Tankari muka hango ganuwar wani gari a bakin yashi. Mu arba'in da ɗaya muka bar gida neman ƙasashen da ba a taɓa rubuta labarinsu ba. Mu biyu muka iso, a ƙasa, da rabin salka a tsakaninmu.

Tankari ya riga ni isa ƙofa, ko da yake shi zazzaɓi ya cinye. A gindin ganuwa akwai randa da ƙoƙo a kanta. Kafin kowa ya ankara ya kafa kai ya sha. Na karɓi ƙoƙon ke nan zan kai baki, sai wata tsohuwa ta doke shi da sanda, ya faɗi ya fashe.

"Buɗe bakinka," in ji ta.

Na buɗe. Ta leƙa kamar mai sayen akuya, sannan ta juya ta ƙwala kira. Mutane suka fito daga zauruka suna jan ƙafa. Ba wanda ya gaishe ni; layi suka yi, kowa ya leƙa bakina ya wuce. Da suka fara magana na ga dalili. Harshen kowannensu baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya. Na waiwayi Tankari, nasa ma ya fara rinewa.

Sunan garin Halbiri, sunan tsohuwar Tasalla, ita ce mai rabon ruwa. A zaurenta ta zana mini ƙasarsu a kan turɓaya da bakin sanda.

Kogin Jalmi daga cikin wani dutse yake fitowa, ya ratsa garuruwa huɗu, kowanne da sarkinsa da ganuwarsa, ya zo ya mutu a cikin yashi bayan Halbiri. Bai taɓa ganin teku ba. Ƙurmaza ce a sama, a bakin dutsen, sai Tantaba, sai Zurkai, sai su. Hamada kuwa tana biye da shi kafaɗa da kafaɗa tun daga sama har ƙasa. Dutsen yana sa wa ruwan wani gishiri mai rina harshe har cikin tsoka. Kurɓi ɗaya ya isa, kuma ba ya fita har kabari. Rana tana shan ruwan a hanya, rinin yana ƙara kauri, shi ya sa harshen ɗan Ƙurmaza ruwan toka ne, na ɗan Tantaba shuɗi, na ɗan Zurkai shuɗi mai duhu, na ɗan Halbiri baƙi. A kowace ƙofa harshe ake dubawa. Mutum yana iya gangarawa inda ya ga dama, amma ba ya hawa sama da garin da harshensa ya nuna. Wanda ya gwada, a bakin ƙofa ake tsire shi.

"To, Inna, ina kogin?" na tambaye ta, don abin da na gani a bayan gari busasshen kwari ne, da wani zaren ruwa a tsakiya wanda ɗan akuya zai tsallake.

"Yana Ƙurmaza, yana zaman makoki."

In wani daga gidan sarautar Ƙurmaza ya rasu, sukan sa katako guda a madatsar da ke bakin dutse, ruwa ya ragu, ƙasa duka ta san an yi rashi. Sai a sassaƙa sunan mamacin a jikin ƙwarya a sako ta a kogi. Ba a cire katakon sai Halbiri, wadda ita ce ta ƙarshen ji, ta aika da ta'aziyya a madadin kowa. Ɗan Halbiri ba ya hawa. Mai makoki kuma ba ya saukowa ya ɗauko wa kansa gaisuwa. Saboda haka tun kaka da kakanni baƙon da ya fito daga hamada, wanda bai sha kogi ba, shi ake aika, kowane gari kuma yakan ajiye masa tulun ruwan sama, ana ce masa tulun baƙi. A da ayari kan zo duk wata. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rijiyoyin hanya suka ƙafe, ba wanda ya ƙara zuwa. Katako shida ne yanzu a madatsar.

Na ce, "Ai kuna haihuwa. Me ya hana ku bar jariri ɗaya ba ku ba shi ruwan kogi ba, ya girma ku aike shi?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Mu haifi baƙo a ɗakinmu? Wa zai yarda a yi da nasa? Ranar suna ake ɗiga wa yaro ruwa a harshe. In ba a ɗiga ba, ai ba a haife shi ba." Ta nuna Tankari da ke kwance a tabarma. "Shi ma wannan yau aka haife shi. Rabon jariri ludayi ɗaya ne a yini, don yana da nonon uwarsa."

"Shekarunsa hamsin da biyu."

"A inda kuka fito."

"Ba shi da uwa a nan, kuma ba shi da lafiya."

"Ɗana, in na ba shi rabon babba, daga bakin wani zan cire. Fita waje ka nuna mini wa."

Tankari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka ji ko, Nomau? Daga yau kai ne yaya. Sai ka nemi zane ka goya ni."

"Yaya, bar wasa. Zan bar maka salkar."

"Ka bar mini ita in ƙara kwana huɗu, kai ka bushe a hanya, mu yi biyu babu? Ɗauki abarka. Na fi raƙuminka taurin kai. Kwana ashirin zan iya jiranka."

Tasalla ta biya mini sunayen mamatan shida da kalmomin gaisuwar har suka zauna. Tulun baƙin Halbiri ba ko ɗigo a ciki. Na saɓa salkata na kama hanya, kwarin kogi a dama, yashi a hagu.

Kwana biyu na isa Zurkai. A kan dogayen ƙafafun itace aka gina gidajenta, don a da ta ƙarƙashinsu kogi yake wucewa. Yanzu suna tsaye a busasshiyar ƙasa kamar zalɓen da aka kwashe wa tafki. Jiragensu a kife, kaji suna ƙwai a ƙarƙashi. Masunta sun shuka albasa a cikin kwarin, har sun gina rumbuna a inda kada ke shan hantsi a da.

Sarkin masuntan, Makau, mutum ne mai tumbi da yawan dariya. Shi ya tarbe ni.

"Ɗan aiken Halbiri! Ashe da sauran mai numfashi a can?"

Ya zaunar da ni a tsakar fili da rana tsaka, aka dire mini bandar kifi mai gishiri da ƙwarya cike da ruwa. Al'adarsu, baƙo ba ya tashi sai ƙwaryar ta zama wayam. Ba a ɗura masa, ba a kuma sallamarsa. Na tambayi tulun baƙi, aka ce jaki ya fasa shi bara waccan.

Na ce, "Sarki, in an cire katakan nan kai ma za ka sami kogi."

"Zan sami ambaliya a kan albasata. Malam, shekara goma sha ɗaya na yi ina koya wa masunta riƙon fartanya. Yanzu da suka iya, in ce su koma su nemo taru? Sha ruwa ka zauna da mu. Harshenmu ma ya fi na 'yan Halbiri kyan gani."

Tun azahar nake zaune har inuwata ta fi ni tsawo. Wani ƙuda ya faɗa cikin ƙwaryar, na sami kaina ina yi masa hassada. Jama'a sun kewaye ni suna jira.

Na ce, "Sarki, a ƙasarmu matafiyi ba ya sha sai abin hawansa ya sha."

"Haka ne, mu ma haka. Ina dabbar taka?"

"Raƙumina ya mutu a Tagur. Tun daga nan waɗannan nake hawa." Na miƙe ƙafafuna, na juye musu ruwan kaf, na kife ƙwaryar.

Filin ya kaure da dariya, ta Makau ta fi ta kowa. Da kansa ya raka ni ƙofa, ya rungume ni, ya daddaki bayana. Sai da na yi nisa na ji rigata ta jiƙe. Ƙayar kifi ce a soke a gindin salkar. Abin da ya rage bai kai moɗa biyu ba.

Kwana huɗu ne daga Zurkai zuwa Tantaba, kuma ban taɓa jin labarin azaba irin ta wannan hanya ba. A hamada mutum yana ƙishi ne ba ruwa. Nan kuwa kullum kogin ƙara faɗi yake a gefena. Ran farko ya kai idon sawu, ran na biyu mata suna wanki a cikinsa, ran na uku ya fara ƙugi, ko na toshe kunne ina jin sa. Da asuba nakan shimfiɗa rawanina a kan ciyawa ya sha raɓa, in matse a baki. Da rana in hau tudun yashi in nemi guna, in tsotsi ɗacinta. In ƙafata ta fara karkata wajen gaɓa, sai in ɗaga murya in jero sunayen mamatan, mutanen da ban taɓa gani ba, har in wuce.

Tantaba a kan tsibiri take, cikin lambunan rumman da ɓaure. Ganuwarta ta wajen gangare ba taga ko ɗaya. Duk tagoginsu wajen Ƙurmaza suke duba. Fatakensu in za su gangara sukan tafi da tulunan ruwan gida a toshe da kakin zuma, kada su sha na ƙasa harshe ya yi duhu a hana su komowa. Ba wanda ya tambaye ni Halbiri. Sun san sunan kamar yadda mutum ya san sunan kakan kakansa. Tulun baƙinsu yana nan a kan ƙofa, tattabaru sun yi sheƙa a ciki.

A bakin kasuwa na tsaya gaban wata mai sayar da nono, Yalwa sunanta. Nono ba ya rina harshe, wannan na koya a wurin Tasalla. Na nuna ƙwaryarta, na nuna bakina. Ta leƙa, ta ga farin harshe, ta janye ƙwaryar da sauri.

"Bawan Allah, kada ka taɓa. Ba mai nono a garin nan da ba ta ƙara ruwa, ni ma da nake gaya maka. Wadda ta rantse maka ma ta fi zubawa." Ta waiga hagu da dama. "Biyo ni, amma kada ka faɗa wa kowa na faɗa."

Ta kai ni bayan rumfa inda akuyarta ke ɗaure, ta riƙe mata ƙaho. Na durƙusa da gemuna da karatuna na tsotsa daga hantsar akuya.

"A hankali, malam, ɗanta yana kallonka."

Wannan ne abin sha na ƙarshe da ya ratsa maƙogwarona har Ƙurmaza. Hanyar ta koma duwatsu, ba guna, ba ciyawar raɓa, kwana uku. Kogin yana gudu a cikin kwazazzabo yana watso feshi, sai na ɗaure bakina da rawani kada ɗigo ya shiga.

Ƙurmaza gari ne da aka sassaƙa a jikin dutse, hawa bisa hawa. Na zaci zan tarar da masu ƙoshi, sai na tarar da wani irin kango. Ruwan da suka tare ya taru a bayan madatsa ya haɗiye kasuwarsu da unguwannin ƙasa. Ana hango kan soraye a ƙarƙashinsa. Kowa sanye da baƙin tsumma. Shekara goma sha ɗaya ba a kaɗa ganga ba, ba a ɗaura aure ba, don ba a yi a cikin makoki. Ban ga yaro ko ɗaya a titi ba.

Mai tsaron madatsa, wani dogon dattijo Bawale, shi ke duba harshe a ƙofa. Na kwance rawani na buɗe baki. Ya leƙa, ya ja da baya.

"Baƙi ne. Ɗan Halbiri ya hawo! A kawo itacen tsirewa."

Ƙishi ne ya ƙona harshena ya kumbura ya yi baƙi, amma su ba su taɓa ganin mai ƙishi ba. Na yi yunƙurin magana, ba abin da ya fito sai huci. Mutum biyu suka kama kafaɗuna. Hannuna na dama yana kusa da ɗamara, inda nake ajiye 'yar wuƙar fiƙe alƙalami. Na zare ta, na turo harshena waje, na tsaga shi a tsaye.

Bawale ya ɗaga hannu, suka tsaya. Ya matso, ya buɗa tsagar da yatsunsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ja ne," in ji shi. "Ja ne har ciki. Ku sake shi. Baƙo ne. Jama'a, baƙo ya zo!"

Ba a ba ɗan aike ruwa sai ya sauke saƙo. Suka ɗauke ni zuwa kan madatsa, gari duka ya jeru a matakalan dutse, sarkinsu a gaba, tsoho tukuf a kan kujera, yana tari. Jinina ne ya jiƙa mini baki har murya ta samu hanya.

Na ce, "Halbiri ta ji rasuwar Jangwarzo. Tana gaishe ku, da ita da Zurkai da Tantaba. Yaya muka ji da haƙuri?"

Dutsen duka ya amsa, "Haƙuri ya zama dole."

Maza goma suka ja igiya, katakon farko ya tashi. Na kira Magajiya Tabawa, na kira Ciroma Alu da ƙaninsa, na kira Asabe mai jego. Suna na shida a durƙushe na kira shi. Ƙarar ruwan da ya ɓalle ta rufe amsar jama'a.

Bawale ya kawo tulun baƙi da hannunsa. Cike yake. Duk damina sukan zubar su cika sabo, shekara goma sha ɗaya, suna jira. Yana ba ni a moɗa kaɗan-kaɗan yana hawaye.

"Mun zaci sun raina mu ne. Kullum muna cewa, wane laifi muka yi wa Halbiri da za ta bar mu da gawa shida ba gaisuwa?"

"Mutuwa suke yi, Baba. Ludayi ake raba musu."

"Ba wanda ya faɗa mana."

"Wa zai faɗa muku?"

Bawale ya share hawayensa. Ya sa aka ɗinke salkata aka cika ta daga tulun, aka ba ni jirgi da matuƙa biyu. Da zan shiga ya riƙe hannun rigata, ya nuna sarkin da haɓa. "Ka ji tarin nan. Ba zai ga damina ba. Kada ka yi nisa, baƙo, kuma ka kiyaye bakinka."

Yini ɗaya jirgi ya kai mu Tantaba. Daga nan sai tafiya ta canza. Kwarin ya daɗe da ƙishi, sai ya sha ya ƙoshi kafin ya bar ruwan ya wuce. Goshin ruwan yana tafe da kumfa da kara da matattun kunamu, tafiyar tsoho mai sanda. Na sallami jirgi na bi ruwan a ƙasa. In ya tarar da rami sai ya tsaya ya cika shi, ni kuma in tsaya a gaɓa ina ƙirga kwanaki, ina zaginsa da harshen da bai warke ba. A Zurkai albasa ta taso tana yawo a kan ruwa, rumbuna suna narkewa. Makau yana zaune a kan dakalin gidansa mai dogayen ƙafafu, ya hango ni, ya ɗaga hannu.

"Malam! A gaida raƙuma!"

Wannan karon shi kaɗai ya yi dariyar.

Ran kwana goma sha bakwai da fitata, da la'asar, ni da ruwan muka shiga Halbiri tare. Mutane sun jeru a gaɓa, ba guɗa, ba ihu. Da ya iso ƙafafunsu suka durƙusa suka kafa baki kamar tumaki. Na bi layin ina duba fuskoki har ƙarshe. Tasalla tana tsaye a sama, ba ta sauka ba.

"Inna, ina yayana?"

Ta juya, na bi ta. Ta kai ni bayan ɗakinta, gindin katanga, inda suke binne jarirai. Ƙananan tudun ƙasa ne birjik, kowanne bai fi kamu ɗaya ba, sai guda dogo a ƙarshe wanda ƙasarsa ba ta gama bushewa ba.

"Shekaranjiya da azahar," in ji ta.

"Ya bar magana?"

"Ya ce a gaya wa yayansa ya yi kuskuren ƙirga."

Na shimfiɗa tabarmarsa a zauren Tasalla na zauna, yadda ake yi a gida. Kwana uku ina zaune. Mutane suna shigowa da jiƙaƙƙen gemu, su durƙusa, su sa mini albarka saboda ruwa, su fita. Wani ya kawo dabino, wata ta kawo sabuwar riga. Ina duban bakin kowane mai shigowa ina jira.

Ran na uku da safe na ce, "Inna, ba wanda zai ce mini yaya haƙuri?"

Ta yi mamaki da gaske. "Ɗana, ba a ta'aziyyar jaririn da bai yi arba'in ba. Kwanansa goma sha biyar." Ta gyara zama, ta sassauta murya. "Tashi ka ga ɗakin da muka gyara maka a bakin ƙofa. An wanke tulun baƙi, mun juye sauran ruwan salkarka a ciki, ba mai taɓa shi sai kai. Ka ce sarkin Ƙurmaza yana tari ko?"

Na naɗe tabarmar na jingine ta a bango. Na fita, na bi ta kasuwa, na gangara gaɓa. Mata suna wanki, maza suna jan wani tsohon jirgi zuwa ruwa. Da suka ga inda na nufa suka saki igiyar. Ina jin sandar Tasalla a bayana tana bugun ƙasa da sauri.

"Nomau! Ɗana, kada!"

Na shiga har gwiwa, na tsoma hannu biyu, na sha.